Kunun Safiya

Safiya Mai-ƙuli ta fi shekara ashirin tana soya gyaɗa a Sabon Garin Zinder. Ita da mijinta Suma'ila, kafinta ɗan asalin ƙauyen Dogo, Kiristoci ne, suna sujada a wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano wadda Suma'ila ne ya yi mata bencina. Safiya ke bayar da waƙa a zumuntar mata, tana kiɗa da tulu.

Suma'ila ya rasu a ƙauye, lokacin da ya je taya yayansa Gambo yankan gero. Gambo bai aiko ba sai bayan kwana uku da binnewa. Da Safiya ta isa Dogo tare da fasto don su yi addu'a a kabarin, Gambo ya tare ƙofa.

"Ke kika raba shi da mu da addininmu," in ji shi. "Hannunki ƙazami ne, ko ruwansa ba na sha. Juya."

Ta juya. A mota ba ta yi kuka ba.

A majami'arsu, Lahadin farkon wata ake cin Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan zoɓorodo, don tuna mutuwar Almasihu. Koyarwarsu ita ce mai ƙullin wani a zuciya ya fara kwance shi kafin ya miƙa hannu. Shekara shida farantin gurasar yana wuce Safiya. Fasto Mamman ya same ta a gida.

"Mama, mu da aka gafarta mana, mu ma gafartawa muke yi."

"Na sani, Fasto. Shi ya sa ba na ci. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, jiran Gambo nake."

A shekara ta bakwai ɓarin jikin Gambo ya shanye, aka kawo shi lopital, babban asibitin Zinder. Damina ce, ƴaƴansa suka koma gona, aka bar shi da tsohuwar matarsa wadda ba ta san kowa a gari ba. Safiya na jin labari ta dama kunun gyaɗa mai kyau, ta sa zanen zumunta, ta tafi.

Gambo ya kau da kai. Ta zauna a bakin gadon, ta ɗebo a ludayi.

"Yaya, buɗe baki. Hannun nan ne dai, ban canza shi ba."

Yunwa ta fi ƙarfinsa, ya buɗe. Kwana arba'in tana zuwa, tana ba shi a gaban ƴan ɗakin, tana goge masa haɓa. Duk wanda ya tambaya ko ƴarsa ce, sai ta ce, "A'a, matar ƙanensa ce da ya kora." Matan zumunta suka yi ta yabon haƙurinta, ita kuwa ta ce musu su daina, ba haƙuri ba ne, daɗin kallon idonsa take ji.

Gambo ya tashi, ya koma Dogo da sanda. Da kaka ya aiko mata da buhun gero ta hannun direban motar ƙauyen, babu saƙon baki. Safiya ta sa aka kai shi majami'a ranar godiyar kaka, aka raba wa gwauraye. Ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga tukunyarta ba.