Cocin da aka naɗe ƙosai a ciki

Wata rana da safe ina wurin Inna mai ƙosai a Samaru, sai ga wani bawan Allah da shadda mai kyau yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ba ƙosai yake roƙo ba.

Takardar da aka naɗe ƙosan yake roƙo.

Kun san halina da tsokana. Na juye ƙosaina a leda, na cusa takardar a aljihu, na ce masa ai na haɗa da ita na cinye.

Mutane suka kwashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya zauna a bakin benci ya ba ni labari.

Matarsa ce ta koma makaranta tana karatun zanen gine-gine. Malaminta ya ara mata wani tsohon littafi cike da hotunan coci-cocin Turai na zamanin da, waɗanda aka gina da dutse zalla. A kansa za a yi musu jarrabawa. Kullum tana duƙe a kai, ko sannu da zuwa sai ya roƙa.

Sai ya ce bari ya ɗan tsokane ta. Ya ɓoye littafin a kwalin tsofaffin takardu, don ta nema ya sha dariya.

Ya manta kwalin na Inna ne, a ciki ake tara mata takardun naɗe ƙosai. Da safe ta aiko aka ɗauka.

Na ce, “Kai! Ai ka sha faɗa.”

Ya ce, “Ina ma faɗan ta yi, ɗan'uwa. Kallona kawai ta yi ta ce, ‘To, ka yi dariyar?’”

Na zaro takardar a hankali, na ware.

Wata taga ce zagayayya kamar faifai, gilashinta ja da shuɗi, ginshiƙai sun tokare bango ta waje kamar masu tura mota. Man ƙosai ya jiƙa takardar har rana na ratsawa.

Na miƙa masa, na kasa haɗa ido da shi.

Ya karɓa da hannu biyu, ya goge a jikin shaddarsa, ya tashi ya bi wani mai babur da ya riga ya yi nisa da nasa ƙunshin.

Darasi: Kafin ka yi wasa da abin wani, tambayi kanka me ya ɗora a kai. Kai minti ɗaya za ka yi dariya, shi kuma da abin zai kwana.

Tura wa wannan abokin naka mai ɓoye wa mutane takalmi. Ni an riga an turo mini.