Kwalbatin da Na Hana a Zuba

Malam Edita, ni ba ɗan boko ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba, a yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin nan ya faru gadi nake yi a Doha, ina kwana a wani ɗaki a unguwar Najma, gado bisa gado, kamar kaji a akurki. Mutum ne ni mai taurin kai, ina ganin tunda na hau jirgi na fi na gida wayo.

A ƙasan gadona akwai wani Ibo, direba, sa'ana ne. Da korona ta kulle mu a ɗaki, na lura duk Lahadi yana manne da waya ana ta hayaniya da yarensu. Na tambaye shi ko coci ce, ya ce a'a, taron tsararsa ne. Ya ce a garinsu waɗanda aka haifa kusa da juna ƙungiya ɗaya suke har mutuwa, kuma dattawa ba sa ɗaukar su a manya sai sun bar wa gari wani abu. Yayyensu kasuwa suka gina, su kuma ɗakin haihuwa aka ɗora musu. Ko kana Legas ko kana Doha ba ka tsira ba, in ka noƙe, ranar da ka mutu ba mai ɗaukar gawarka. Na yi dariya, na ce to gwamna albashin me yake ci? Ya ce min, malam, matar gwamna ba a garinmu take haihuwa ba.

Ana cikin haka sa'annina na ƙauye, waɗanda aka yi mana kaciya tare, suka sa ni a wani gurup na waya. Akwai rafi tsakanin ƙauyenmu da garin da asibiti yake, in damina ta yi nisa ko babur ba ya ƙetarawa. Suka ce a yi gayya a zuba kwalbati, su da yashi da dutse da ƙarfinsu, ni da siminti da rodi gwargwadon hali. Na ce musu ba a titi ake tsintar riyal ba, tsayuwa nake a rana har ƙafata ta kumbura, su je su kama kansila. Na fice daga gurup ɗin. Ashe da na fita kowa sai ya ce, in na waje ya ƙi, mu su wa? Duwatsun da suka tara ma mutane suka kwashe.

Daminar da ta gabaci gasar kofin duniya ta ƙwallo da aka yi a Doha, naƙuda ta zo wa matata da gardama. Rafi ya cika ya batse. Ƙanena ya ce a amalanke suka kai ta bakin ruwa, shanun suka ƙi shiga. Daga inda suke suna hango kwanon asibitin. Nan ta cika, da cikin a jikinta. Sa'annin nan nawa su suka haƙa kabari, su suka ɗauki makara, kuma ba wanda ya kira ni ya ce ka ga abin da ka jawo. Wallahi da sun zage ni da ya fi min sauƙi. Na nemi hutu, kamfani ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ba mai motsawa sai an gama ƙwallo.

Ibon nan gaisuwa kawai ya yi min. Shi ma an hana shi hutu, amma ya ajiye wa kamfani makullin mota ya tafi gida, don shi da tsararsa za su damƙa wa garinsu ɗakin haihuwar, kuma dole kowannensu ya tsaya da ƙafarsa. Ni kuwa ina ƙofar filin wasa ina ce wa baƙi yalla yalla, wato maza ku wuce, suna ta busa ƙaho suna rawa.

Na san ajali ba ya jira, amma Allah bai hana mu zuba kwalbati ba. Gayya mun gaje ta kaka da kakanni. Abin da Ibo suka fi mu kawai, ba sa barin mutum ya zame, mu kuwa ko an ji haushinka sai a ce a bar ka da halinka. Ku da kuke waje, in tsararku suka kira ku don aikin gari, ku amsa tun ana neman ku da siminti, ba da ta'aziyya ba. Yanzu 'ya'yana suna hannun tsohuwata a ƙetaren rafin nan, ga damina kuma tana tafe.