Inna Kwafi da Ƙamus ɗin Auta

Tun kafin a kaɗa ƙararrawar farko take isowa makaranta. Ta buɗe ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin matattakala, ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta goge tebur, sannan ta kunna na'urori ɗaya bayan ɗaya tana kasa kunne. Ta ce kwamfutar da ke shirin mutuwa daga kukanta ake ganewa. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki, ita ce mai gyaran kwamfutocin makarantarmu, kuma ƙarshen watan nan za ta miƙa mabuɗi ta tafi hutawa.

Sunanta na yanka yana kan takardar aiki, amma ko shugaban makaranta Inna Kwafi yake ce mata. Malamai ne suka laƙa mata, kuma ba don yabo ba. Ka kawo mata na'ura kana gaggawa, maɓalli ɗaya ne ya maƙale, sai ta ce, "Bari in kwafe tukuna." Awa guda za ka yi kana cizon yatsa, tana juye duk abin da ke ciki zuwa faifan ajiya. Ta manna wa faifan 'yar takarda, ta rubuta suna da kwanan wata, ta jefa a durowar ƙarfe ta kulle, sannan ta waiwayi maɓallin naka. Mun sha kai ƙararta. Ni da nake rubutun nan har na taɓa ce mata ta mayar da ɗakin maƙabartar faifai. Dariya kawai ta yi, ta ce wata rana zan zo ziyara.

An kuwa zo. Malamin lissafi ya zo ranar da jarrabawar aji uku ta ɓace masa ana gobe za a rubuta. Akawu ya zo, magatakarda ta zo, ni ma na zo da kunyata. Amma zuwan da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na direban motar makaranta, wanda kowa ke kira Baban Auta.

Autan nasa shekararsa ashirin da bakwai, bai taɓa furta kalma ba tun haihuwa. Da hannu yake magana, da kafaɗa, da bugun ƙafa, kuma mahaifiyarsa ce kaɗai ta iya yarensa gaba ɗaya. Maman Auta mai buga takardu ce a ofishinmu. Shekarun baya ta tambayi Inna Kwafi inda za ta riƙa rubuta abin da ta sani a kan yaron, don kada ya tsaya a kanta ita kaɗai. Inna ta buɗe mata wiki, wato littafi a intanet wanda kowane shafinsa ke da ƙofa zuwa wani. Shafin ciwon ciki ya kai ka shafin magani, na magani ya kai ka na abin da Auta ba ya ci. Wani ƙaramin kamfani ne ya ba shafukan masauki a na'urorinsa. A gidan, Ƙamus ɗin Auta suke ce masa. Da Allah ya yi wa Maman Auta rasuwa shekara biyu da suka wuce, ƙamus ɗin ya zama ita. Baba na dubawa a wayarsa, maƙwabciyar da ke zama da Auta da rana na dubawa a tata, yayar Auta da ke aure a wani gari ma haka.

Ranar wata Litinin Baban Auta ya shigo ɗakin ƙarƙashin matattakala, ko sallama bai iya ƙarasawa ba. Ya miƙa mata waya. Shafin ƙamus ɗin fari fat, sai layi biyu da ke cewa kamfanin ya rufe.

"Inna, kwana uku ke nan yaron nan bai ci komai ba sai ruwa. Kunnen hagu yake ja yana kuka. Mun je asibiti, likita ya leƙa kunnen ya ce lafiya lau. Na zo in tambayi uwarsa, an ce babu ita."

Inna ta ja masa kujera. Da ta bincika, sai ta gano kamfanin bai gudu a ɓoye ba. Sau huɗu ya aiko gargaɗi cewa kowa ya kwashe kayansa, kuma duk wasiƙun sun tafi akwatin imel ɗin marigayiya, wanda babu mai buɗewa.

"Kalmar sirrin akwatin fa, Baban Auta?"

"Ai ta rubuta mana. Mace ce mai tsari."

"A ina?"

A cikin ƙamus ɗin ta rubuta, a shafin da ta sa wa suna Mabuɗai. An kulle ɗaki da mabuɗin a ciki.

Masu gani sun ce Inna ba ta yi masa faɗa ba, ko da yake ta iya faɗa. Tashi ta yi ta buɗe durowar nan da muke yi wa dariya, ta yi ta ɗaga faifai tana karanta takardunsu, har ta zaro guda. Wata rana Maman Auta ta kawo kwamfutarta ta hannu a sauya mata batir, Inna kuwa ta kwafe tukuna, har da ƙamus ɗin. Shafi ɗari uku da 'yan kai, duk suna nan. Baban Auta ya dafe kai yana hamdala. Suka nemi kunne, babu. Suka nemi ƙin cin abinci, suka samu dalilai bakwai, babu wanda ya zo da jan kunne. Sai Inna ta sake duba kwanan watan da ke jikin faifan. Wata huɗu kafin rasuwar aka yi kwafin, kuma a watanni huɗun nan ne Maman Auta, da ta ji jikinta, ta fi yin rubutu.

Abu ɗaya ya rage. Inna ta tuna ita ta koya wa marigayiyar ta fara rubutu a kwamfutarta kafin ta ɗora a intanet, saboda yawan yankewar layi. Kwamfutar tana wurin yayar Auta, ta daɗe da mutuwa, tana cikin akwati. Aka buga mata waya, ta ce gobe za ta ba direban motar haya ya taho da ita, jibi ta iso.

Da wani ne, da sai ya zauna jira. Inna ta ce shafukan da suka tsira ma ba su da amfani a durowarta, tunda mai zama da Auta ba za ta zo makaranta duk sanda ya ɗaga hannu ba. Dole a samo musu sabon masauki. Malamin lissafi ya leƙo ya nuna mata wani na kyauta, ya ce minti biyar an gama. Ta ce masa araha ba ta ado, na kyauta ne ya kawo su nan.

Ga yadda ta zaɓa, kuma ban taɓa ganin mai zaɓe haka ba. Kowa idan zai kama ɗaki ƙofar shiga yake dubawa, ita ta fita take nema. Ta ware kamfani huɗu. Kowanne ta ɗora masa shafi goma na gwaji, sannan ta nemi ya maido mata su. Na farko ya karɓa da fara'a, da ta zo fitarwa ya ba ta tarkacen da ba ya buɗuwa ko'ina sai a wurinsa, ta soke shi. Na biyu ya maido rubutu ya riƙe hotuna, alhali rabin ƙamus ɗin hotunan hannun Auta ne. Na uku ta aika masa tambaya, na'ura ta amsa mata da godiya sau uku. Na huɗu mutum ne ya amsa, ta tambaye shi kai tsaye, "Ranar da ku ma kuka mutu, ta ina zan kwashe kayana?" Bai ji haushi ba, ya nuna mata. Ta gwada ya yi, ta goge komai ta mayar daga kwafin, ya sake yi. Nan ta sauke ƙamus ɗin. Ta sa adireshin mutum uku masu rai don karɓar gargaɗi, kalmar sirri kuma ta rubuta a takarda ta ba Baban Auta ya sa cikin lasisin tuƙinsa.

Ranar Laraba da hantsi kwamfutar ta iso a naɗe cikin zane. Ba ta ko motsa ba. Inna ta kwance ta, ta ciro faifan cikinta, ta haɗa da tata na'urar. Baban Auta na tsaye a kanta.

"Inna, don Allah buɗe."

"Bari in kwafe tukuna."

Daga baya ya ce ya so ya fasa ihu. Minti ashirin aka yi ana juyewa, faifan na ƙara kamar tsohuwar fanka. Ana gamawa faifan ya yi shiru, bai sake tashi ba har yau. Da daga jikinsa ta tsaya karantawa, da ya mutu da sauran a ciki.

Shafi arba'in da ɗaya sababbi. Na goma sha tara sunansa Kunne. Inna ta karanta a bayyane:

"Idan ya ja kunnen hagu ya ƙi ci, ku rabu da kunnen, haƙorin ƙarshe ne na wannan gefen. Ya taɓa yi lokacin da babansa ya kai ɗalibai tafiya. Ba zai buɗe wa likita baki ba sai an rufe masa ido da tafin hannu ana ƙirga goma. Baban Auta, kar ka yi masa tsawa, kar kuma ka zargi kanka. Ni ma kwana biyar na yi kafin na gane."

Ashe an bar jaki ana dukan taiki. Baban Auta ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Da la'asar aka cire haƙorin, hannun uban a kan idon ɗan, yana ƙirga. Washegari Auta ya ci abinci har ya miƙa kwano a ƙara masa.

Inna Kwafi, ke ce mai jinkirin da ya fi saurinmu. Ke ce kika ɗauki gorinmu shekara ashirin da shida ba ki sauya hali ba. Ba a taɓa kiran sunanki ranar rabon kyaututtuka ba, domin aikinki idan ya yi kyau babu abin da ke faruwa, kuma ba a yi wa mutum tafi don babu abin da ya faru. Na ji kunyar abin da na faɗa a kan durowarki. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da alherin da ba ki nema wurin kowa ba.

Ku kuma masu karatu, duk mai wani abu a intanet da ba zai iya rasawa ba, ya kwafe shi yau, ya ajiye mabuɗin a wajen ɗakin, ya kuma tambayi mai masaukinsa ƙofar fita. In akwai irin Inna a wurin aikinku, ku daina tsaya mata a ka.

Yanzu duk ranar Juma'a Baban Auta na zuwa ƙarƙashin matattakala ya kwafe ƙamus ɗin da hannunsa, tana kallo, don ta ce ba za ta tafi ba sai ya iya. Makon jiya na tarar da shi yana laluben haruffa da yatsa ɗaya. Auta ya soma yi masa wata alama, yana dafa ƙirjin uban sau biyu idan ya dawo daga aiki, kuma babu ita a duk abin da uwarsa ta bari. Shi ne yake rubuta shafinsa na farko. Inna ta tambaye shi me alamar ke nufi. Ya ce bai tabbatar ba tukuna, amma a da uwarsa kaɗai Auta yake yi wa.