Rediyon Baffa a gonar bakin daji

Ana idar da sallar asuba ranar Juma'a muka bar tashar Mando a Kaduna, ni da ƙanena, a motar mutum tara da aka cusa mu sha ɗaya. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Da na yi ƙorafi, direban ya ce in na san inda ake samun mai arha in gaya masa shi ma ya shiga. Na biya na shiga.

Daga Buruku zuwa Udawa hira ta mutu, kowa ya zuba wa daji ido yana motsa leɓe. Hanyar kuwa ramuka ne da ɗan kwalta a tsakani. Sai dai bana masara ta yi kyau har bakin titi, mata na gasawa suna miƙo mana ta taga. Na ci biyu, ƙanena ya ci huɗu, wai tsoro ne ke sa shi yunwa.

Baffa, yayan mahaifinmu, shi ya kai mu Birnin Gwari. An ce ya rame, ya rage cin abinci, kuma ba ciwo yake ba. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma tun ina yaro yake da wata rediyo, ba irin ta jin labarai ba, irin wadda ake magana a ciki a amsa maka daga wata ƙasa. Sama da shekara talatin, duk Asabar da hantsi, yana hira da wani dattijo a Damagaram. Ba su taɓa ganin juna ba.

Garin ya canza. Ko'ina ka ɗaga kai faifan sola ne a kan rufin kwano. Na gidan Baffa ma ni na sa aka haɗa masa bara, na yi ta cika baki a dangi.

Bayan mun ci tuwon masara da miyar kuka, ya ja mu ɗakinsa ya kunna rediyon. Wani ƙugi ya cika ɗakin kamar injin niƙa. Ya ce ba faifan ba ne, inbata ce, na'urar da ke juya wutar sola, da wayoyin da ake shimfiɗawa barkatai. Tawa ce ta fara, amma ya yi mini kara bai faɗa ba, sai dai ya kashe ta duk Asabar. Daga baya maƙwabta hagu da dama suka haɗa tasu, mai shagon cajin waya ma ya haɗa. Wata bakwai ke nan bai ji muryar abokinsa ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Na ce ya roƙi maƙwabta mana. Ya ce, “In ce wa mutum ya bar ƙanƙarar da yake sayarwa ta narke don zan gaisa da aboki?”

Na tambayi lambar wayar mutumin. Ya dube ni sheƙeƙe, ya ce ba su taɓa karɓar ta juna ba, me za su yi da ita? Duk da haka bai fasa kira ba. Duk Asabar sai ya zauna ya ba da labarin gari, ya saurara, ƙugi ya amsa masa. A ƙarshe ya saka wa ransa cewa mutumin ya rasu, don ya girme shi.

Ƙanena ne ya ce mu kai rediyon inda babu sola. Baffa na da gona ta hanyar Dogon Dawa, a bakin daji, wadda ya shekara huɗu bai taka ba saboda 'yan bindiga. Manoman da suka koma wajen suka ce a je da safe, a dawo kafin azahar. Goggo, matar Baffa, ba ta so ba ko kaɗan, amma da ta ga yana neman hularsa sai ta yi mana addu'a.

Da safiyar Asabar muka hau babura biyu, rediyo a buhu, ga batirin mota, ga ƙunshin waya. A shingen jami'an tsaro, suna buɗe buhun fuskokinsu suka canza. Baffa ya zaro takardar izininsa da ta sha ninki, suka juya ta gaba da baya, da ƙyar dai suka sake mu.

Gonar ta zama jeji, ciyawa ta kai ƙugu. Baffa ya tsaya yana kallonta. Ƙanena ya hau bishiyar ɗorawa ya ɗaura wayar rediyon, ni kuma ina ta waige-waige. Aka kunna. Babu ƙugi, sai ɗan shuu kawai. Baffa ya yi kira sau ɗaya, sau biyu. A na uku wata tsohuwar murya ta fito, siririya amma tar.

“Ina jin ka, mutumin Birnin Gwari. Duk Asabar ina jin ka, ina amsawa, kai ne ba ka ji na. Har addu'ar mamaci da ka yi mini na ji, na ce amin.”

Baffa ya yi dariya har hawaye suka sauko masa gemu. Suka taɓa zancen damina da ciwon gwiwa. Sai mutumin ya ce matarsa ta rasu kafin azumi, Asabar uku yana gaya masa. Baffa ya cire hula ya yi masa ta'aziyya, a makare da wata da watanni.

Na zunguri Baffa ya karɓi lambar wayarsa. Ashe idon mutumin ya tafi, ba ya riƙe waya, ba ya iya rubutu. Layin waya a Birnin Gwari kuma yau akwai gobe babu, don haka tawa Baffa ya karanta masa, sau uku. Mutumin ya ce zai haddace, in 'yarsa ta zo ya gaya mata. Rana na ɗagawa muryarsa ta yi ta nisa har ta ɓace. Baffa ya so a ƙara jira. Ni na ce mu tashi, kuma har yanzu abin yana damuna.

Lahadi muka juyo Kaduna, ban ma lura da ramukan ba. Tafiyar ta koya mini in tambayi tsoho abin da yake so kafin in kai masa abin da nake ganin ya dace. Baffa ya ce zai ci gaba da kira daga ɗakinsa, tunda yanzu ya san ana jin sa.

Yau mako uku ke nan. Da can ba na ɗaga baƙuwar lamba, yanzu ko ina kan babur sai na tsaya. Jiya ma an kira, masu tallar bashi ne. Ina gaya wa kaina lamba goma sha ɗaya ta yi wa tsoho yawa, ko kuma 'yarsa ce ba ta zo ba tukuna.