Kwalbar da Baba Ya Binne

Dutsin-Ma

Ƙarfe shida saura kwata na bar gida, bakina cike da gardamar da na tanadar wa Baba. Wata biyu ke nan da aka cire wa yayata Hindatu ƙullutu a mama, aka sa shi a kwalba cikin ruwan magani, aka ce a kai gwaji. Baba ya ce naman ɗan Adam ba kayan yawo ba ne. Ya naɗe kwalbar a farin ƙyalle ya binne a ƙauyenmu, Barkiya.

Ciwon ya dawo, likita a Katsina na zargin sankara. Ya ce a cikin ƙwayoyin jiki akwai wani sinadari mai ɓangare biyu: ɗaya na ba da umarnin girma, ɗaya na riƙe masa linzami. In na farkon ya lalace, ba ya jin tsaya. Akwai maganin da ke kama shi, amma sai an duba naman, Yaya kuma ba ta da ƙarfin a sake yanka ta.

Kurfi zuwa Barkiya

Bakwai da rabi na sauka Kurfi, na hau babur. Gero ya fi mutum tsayi, hanya tsit, ko zakara ban ji ba. Mai babur ya ce, "Malam, gaisuwar mutuwa za ka?" Na nuna masa hanyar gidan Baba.

Baba bai ba ni damar gardama ba. Fartanya kawai ya miƙo mini, ya nuna gindin aduwa. Ashe ƙaramin kabari ya yi sosai, har da itace a jere. Ina tono, Yaya na zaune a tabarma tana kallona. Gaskiya na ji tsoro.

Ƙyallen ya ruɓe. Kwalbar na nan, naman na lilo a ciki, fari fat.

Baba ya ce, "Bar ramin haka, Sada. In sun gama, ka maido mata abinta."

Yaya ta ce, "Cike shi, ƙanena. Ban zo ba tukuna."

Na cike shi, na tattake da ƙafa, na sa kwalbar a leda.

Komawa

A shingen Kurfi soja ya nuna ledar da ke cinyata. "Mene ne wannan?"

Na ce, "Yayata ce."

Ya leƙa, ya ja da baya, ya ɗaga mana hannu.

La'asar na iso gida lafiya, na gode Allah. Gobe sai Katsina, ni da ita cikin kwalbarta.