Sarautar Hansai a Edmonton

Hansai 'yar Malumfashi ce, mace mai son girma, irin wadda ko gaisuwa aka rage mata sai ta tuna wa mutum. A shekarar 1975, lokacin da kuɗin fetur ke malala, gwamnati ta turo mijinta Malam Nata'ala kwas a Landan, ya taho da ita suka kama hayar flat a unguwar Edmonton.

Zaman kaɗaici ya ishe ta. Sai talabijin, a nan ta ga wasu mata masu manyan huluna ana buɗe musu ƙofar mota, ana ce musu Ledi kaza, Ledi kaza. Ta tambayi maƙwabciyarta Yagana, wata nas 'yar Maiduguri, ita kuwa ta ce ai sarauta ce ta matan manya.

Ba a jima ba Yagana ta shigo da albishir. "Na samo miki aiki a firamaren bayanmu. Dina ledi suke nema."

Hansai ba ta ji "dina" ba, "ledi" kawai ta ji.

Ranar Litinin ta ciro leshinta na ƙasan akwati, ta zuba warwaro har gwiwar hannu, ta kafa ɗauri kamar zai taɓo rufi. Malam Nata'ala ya dube ta, ya buɗe baki, sai ya fasa, ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

A makarantar wata Baturiya ta tarbe ta, ta ɗaura mata farin ƙyalle a gaba, ta kifa mata hular raga a kan ɗaurin. Hansai ta sunkuyar da kai cikin natsuwa, a zatonta naɗin ke nan. Da aka miƙa mata ludayi ma ta karɓa da hannu biyu, ta ce kowace ƙasa da irin sandarta. Sai da aka buɗe ƙofa yara suka ɓarko, kowa da faranti, aka nuna mata tukunyar dakakken dankali, sannan ta gane.

Ta dawo gida leshi duk romo.

"Malam, ashe ka sani ka ƙyale ni! Kuku aka ɗauke ni!"

"Yo Hansai, da wannan ɗaurin wa ya isa ya tare ki?"

Ta ƙi yi masa tuwo ranar. Washegari, don neman sulhu, ya tsaya laburaren kwalejinsu ya bincika kalmar, ya dawo yana murmushi. Ya ce a tsohon Turanci, tun kafin a san hula da mota, asalinta kalmomi biyu ne aka haɗa: burodi da mai kwaɓawa. Ledi dai ita ce uwargida mai kwaɓa burodin da gida zai ci. Shi kuma mijinta, Lod, ma'anarsa mai tsaron burodi.

Hansai ta ce, "Wato duk masu hulunan nan jikokin masu kwaɓi ne?"

"Haka littafi ya ce."

"Mazan kuma gadi kawai suke yi?"

"To... kusan haka."

"Allah sarki. Ashe halin maza ɗaya ne ko'ina."

Ta tashi ta ɗora tukunya.

Aikin kuwa ba ta bari ba. Shekara uku tana yi, ta koyi Turanci a bakin yara, su kuma suka koyi "ungo" da "bari mana" a bakinta. Duk baƙon da ya zo sayayya daga gida ya sauka wurinsu, sai ta ba shi tarihin kalmar kafin ta ba shi abinci, tana ƙarawa da cewa a duk Ingila ita kaɗai ke riƙe da sarautar bisa asalinta.

Da suka koma gida suka zauna a Kaduna, ta buɗe gidan burodi a Tudun Wada, ta sa aka rubuta Hajiya Ledi a allo. Mutanen unguwa ba su san wata Ledi ba, abin da suka sani shi ne ledar da ake saka musu burodi a ciki. Ta yi gyara har ta gaji. Har ta rasu, Allah ya jiƙanta, Hajiya Leda ake kiranta.