Tayil ɗin da Ya Ƙi Zama

Shekarun baya, da yayana ya gama ginin gidansa a nan Dutse, ni ya danƙa wa makullai, don shi a Abuja yake aiki. Gida ne har da tafkin wanka a tsakar gida, wai don yaransa in sun zo hutu. Ranar da muka ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu na wajen Taura don ta zauna da ni a gidan, ta leƙa tafkin ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Mutum da hankalinsa ya haƙa kududdufi a tsakar gida?"

Wanda ya sa tayil ɗin bakin tafkin abokina ne, mutumin Filato, Kirista. Mun daɗe muna haya a gida ɗaya a Limawa tun muna gwagware. Ni na kai shi wurin Yaya, na bugi ƙirji na ce duk Dutse babu mai hannunsa. Shi kuwa sana'ar nan ba shi da jari sai sunansa, wani ya ga aikinsa ya faɗa wa wani.

Ba a yi wata uku ba, wata rana da yamma na taka tayil ɗin da ke ƙarƙashin inuwar darbejiya na ji ƙwas! Na duƙa na ƙwanƙwasa da makullin mota, guda huɗu duk suna amsawa kamar wofin gwangwani. Na kira abokina. Ya zo ya ɓamɓare su, ya kankare tsohon simintin tas, ya kwaɓa sabo ya mayar, ya ce kada a taka sai bayan kwana biyu. Ban damu ba, ai ko gwani yana kuskure.

Bayan sati shida, wurin nan dai ya sake ɗagowa, tayil ɗaya ma ya tsage biyu. To ni Allah Ya yi ni da gajen haƙuri, ga shegen tsoron Yaya. Kullum na dawo daga ofis, kafin in cire takalmi sai na zagaye tafkin nan ina ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. In na zauna cin abinci in miƙe in koma in sake dubawa. Yaya kuma waya ba dare ba rana: yara za su zo Babbar Salla, da ƙafa ba takalmi suke gudu, kada tayil ya yanke wani.

Abokina ya dawo ya gyara karo na biyu, da safe ina ofis. Da na tambaye shi me ke kawo haka, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ƙila ƙasar wurin ce." Ban gamsu ba. Ƙasa ɗaya, gida ɗaya, sai gindin darbejiya kaɗai?

Saura kwana goma Salla, tayil shida suka saki. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya, ya kira ya ce, "Wannan shi ne gwanin naka? Siminti yake ragewa. Ka nemo wani." Kaina ya yi zafi. Ban tsaya wata-wata ba na hau mota na sami abokina a wani gini da yake aiki, ga mai ginin a tsaye, ga leburori. A gabansu na ce masa maha'inci, na ce ya ci amanata, ya zubar mini da mutunci a idon yayana. Na faɗi wasu maganganun da ko yanzu ba zan iya rubuta su ba. Yana duƙe da cokalin gini a hannu, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Haba! Ni?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da yamma na ji mai ginin ya ce masa ya dakata da aikin tukuna.

Kwana biyu bayan haka na manta wani fayil a gida, na dawo da hantsi, lokacin da ban taɓa kasancewa a gida ba. Tun daga bakin ƙofa na ji dim, dim, dim. Na shiga, sai ga mahaifiyata a inuwar darbejiya, ta ɗaure zani a ƙirji, ga turmi daram a kan tayil, tana surfen gero da ƙarfinta. Ta shimfiɗa wani tsohon buhu a ƙarƙashin turmin.

Da ma Yaya ya hana ta daka saboda ciwon baya, ya ce a riƙa kai komai inji. Ashe ita kuwa, da na fita sai ta mirgino turminta daga bayan kicin.

Na ce, "Inna! Me zan gani haka?"

Ta ce, "To me? Furar inji fura ce? Kuma duk gidan nan ina wuri mai inuwa da tsabta in ba nan ba? Kada ka gaya wa mai gidan." Haka take kiran Yaya, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Na ce, "Inna, ai turmin nan ne yake ɓamɓare tayil."

Ta saki taɓarya. "Shi ya sa ɗan nan abokinka ya ce in riƙa sa buhu? Ai rannan ya tarar da ni ina surfe, har shi ya ɗauke mini turmin ya mayar. Na roƙe shi kada ya gaya muku, ya ce, 'Mama, ba mai ji a bakina.'"

Sai na zauna a bakin tafkin. Na gaya mata abin da na yi masa. Mahaifiyata ba mai faɗa ba ce, amma ranar ta ce, "Tir! Wanda ya rufa mini asiri shi ka tona wa? Ɗauko mota."

Ita da kanta ta sa hijabi muka je wurin ginin. Ta tsaya a gaban mai ginin da leburorin nan ta ce ita ce mai laifi, ta faɗi zancen turmi daga farko har ƙarshe. Aka yi ta dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai ginin ya ce a kira abokina ya ci gaba da aikinsa. Da ya zo na ba shi haƙuri a gaban kowa, na ce me ya sa bai faɗa mini ba. Ya ce, "Da wane baki? Uwa ta ce in yi shiru."

Kafin Salla ya gyara tayil ɗin, ya kuma zuba wa mahaifiyata ɗan dakali na kankare a ɗaya gefen bishiyar don turminta. Yaya ya yi faɗansa ya gaji ya ƙyale ta.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne: in abu ya ɓaci, ka fara duba cikin gidanka kafin ka fita da baki. Amma ban koye shi a arha ba. Abokina ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe. Har yau muna gaisawa, in ɗana ba shi da lafiya yana zuwa dubiya. Sai dai mutumin da a da yake kirana da sunan tsokana tun daga nesa, yanzu in mun haɗu sai ya tsaya ya ce, "Ranka ya daɗe." Wallahi duk ranar da ya faɗa, sai na gwammace ya zage ni.